Ƙwallo, ɗan gindi ko dashen kwalba: da wanne za ka kafa lambun dabino?

Mai niyyar kafa lambun dabino yana yanke hukunci mafi nauyi tun kafin ya haƙa ramin farko, wato inda zai samo abin dasawa. Dabino ba masara ba ce da za ka ce bana iri ya ba ni kunya, baɗi na canza. Abin da ka sa a rami yau, shi za ka yi ta shayarwa shekara huɗu ko biyar kafin ya nuna maka ko wane ne shi, kuma idan ya yi kyau 'ya'yanka ma za su ci, don bishiyar takan kai shekara 50 tana ba da amfani. Hanya uku ce a gabanka: ka shuka ƙwallo, ka cire ɗan da uwa ke fitarwa a gindinta ka dasa, ko ka sayi dashen da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje daga ɗan yankin zuciyar bishiya, wanda masana ke kira tishu kalca, ni kuwa zan riƙa ce masa dashen kwalba tunda a cikin kwalba yake fara rayuwa.

Tushen maganar duka abu ɗaya ne: dabino akwai namiji akwai mace, kowanne bishiyarsa daban. Mace ce ke haihuwa, namiji garin fure kawai yake bayarwa don barbara. Idan ka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne, kuma ido ba ya rarrabe su sai ranar da suka fitar da fure. A yi lissafi. Hekta ɗaya, idan aka ba da tazarar mita 8 tsakanin bishiya da bishiya, tana ɗaukar rami 156. Da ƙwallo, wajen 78 maza za su fito. Alhali mai yin barbara da hannu, namiji ɗaya nagari yana isar masa mata 25 har zuwa 50, ke nan maza huɗu ko shida sun wadatar da hektar gaba ɗaya. Sauran saba'in da 'yan kai, ka yi shekara biyar ko fiye kana zuba musu ruwa da taki da kuɗin leburori, ƙarshenta gatari.

Matan da suka rage ma ba su ƙare maka damuwa ba. Ƙwallon da ka cire daga Ajwar da Alhaji ya kawo tsaraba ba zai ba ka Ajwa ba. Rabin gadonsa na uwa ne, rabi na wani namijin da ba ka sani ba, sai ka tarar albasa ba ta yi halin ruwa ba: wannan 'ya'yanta ƙanana, waccan ƙwallo ya fi tsoka yawa, wata tana nuna da wuri, wata sai an gama da sauran. Ɗan kasuwa kuwa yana son buhu mai kama ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya. Lambun ƙwallo ba ya ba da haka.

Duk da wannan ba zan yi wa ƙwallo rashin adalci ba. Yawancin dabinon da ke tsaye a kwarurrukan Manga a Nijar, wajen Gudumariya da Maine-Sorowa, da na Damagaram, da wanda ke warwatse a Jigawa da Yobe, daga ƙwallo ya tashi. Shekara da shekaru ƙasa tana tace shi, wanda bai jure ba ya mutu, wanda ya jure ya haihu. Shi ya sa dabinonmu na Sahel yake da wata ɗabi'a da na hamadar Larabawa ba shi da ita: da yawansa yana fure sau biyu a shekara. A cikin dubban bishiyoyin nan akwai 'yan ƙalilan da 'ya'yansu ba su da abin kushewa, kuma mutanen garin sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo ne ya samar da su. Sai dai abin da ƙwallo ya samar, ƙwallo ba ya iya maimaita shi. Maimaitawa aikin ɗan gindi ne ko kwalba.

Ɗan gindi yanki ne na jikin uwa, saboda haka duk halinta yana ɗauke da shi: idan mace ce shi ma mace, idan zaƙinta ya yi maka, nasa haka zai zo. Da wannan hanyar aka riƙe shahararrun irin dabino kamar Daglat Nur da Barhi da Khalas ɗaruruwan shekaru ba su sauya ba. Aikin cire shi yana son gwani. Tun shekara guda kafin ranar, ana tara ƙasa a gindin ana jiƙawa don ɗan ya yi saiwar kansa. Sai ya shekara uku zuwa biyar a jikin uwa, nauyinsa ya kai kilo 10 zuwa 25, sannan a taɓa shi. A rage masa zarba, a ɗaure sauran wuri ɗaya, a tone ƙasar har a ga inda ya haɗu da uwa. Mutum ɗaya ya kafa ƙarfe mai faɗin baki daidai mahaɗar, wani ya riƙa dukan kansa da babbar guduma, a raba su da sara mai tsabta, ba fizga ba girgiza. A shafa maganin ruɓa a ciwon uwa da na ɗa, a dasa shi a ranar, kada ƙasa ko ruwa su rufe masa zuciya, a kewaye shi da zana ko tsohuwar tabarma saboda rana da iska. Wanda aka yi wa haka yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa biyar, ya riga na ƙwallo da shekara biyu ko uku.

Matsalarsa ƙaranci. Uwa tana fitar da 'ya'yan gindi ne a ƙuruciyarta, galibi cikin shekara 10 zuwa 15 na farko, kuma duk rayuwarta da wuya ta fitar da 'ya'yan gindi fiye da 20 zuwa 30, wasu irin ma ba sa kai haka. Mai son bishiya 20 zai iya harhaɗawa daga maƙwabta. Mai son 1,000 iri ɗaya, girma ɗaya, a shekara ɗaya, ba zai samu ba ko da kuɗinsa a hannu. Ga shi kuma ba duk wanda aka cire ke kamawa ba. Ƙarami ko marar saiwa, ko wanda ya tsiro a saman kututture bai taɓa ƙasa ba, yawanci bushewa yake yi.

Akwai wata algus da ya kamata mai saye ya sani. Dabino yakan zubar da 'ya'ya a gindinsa, ƙwallon ya tsiro nan jikin uwa, ya girma kamar ɗanta. Mai sayarwa marar tsoron Allah, ko wanda shi ma bai lura ba, sai ya tono shi ya ce ga ɗan gindi. Juya shi ka duba ƙasansa. Ɗan gindi na gaskiya yana da tabon sara a gefe ɗaya, inda aka raba shi da uwa, gindinsa kuma yakan ɗan lanƙwasa. Tsiron ƙwallo saiwarsa ta zagaye shi ko'ina, babu tabo. Mafi alheri dai ka tsaya a wurin a cire a gabanka, daga uwar da ka ɗanɗani 'ya'yanta.

Babban haɗarin ɗan gindi shi ne yana tafiya da ƙasar garinsu da duk abin da ke cikinta. Cutar bayud, wadda wani naman gwari mai zama cikin ƙasa ke haddasawa, ta bayyana a kwarin Dara'a na Maroko wajen 1870, ta bi zango-zango har cikin Aljeriya, kuma cikin ƙarni guda ta kashe bishiyoyin dabino fiye da miliyan 10. Manyan irin da aka fi so, irin su Majhul, su ta fi ci. A 1927 wani masanin tsirrai Ba'amurke, Walter Swingle, ya ɗauki 'ya'yan gindi 11 na Majhul daga Budanib a Maroko ya kai Amurka, aka killace su shekaru a wani lungu na jihar Nevada don a tabbatar ba su ɗauko cutar ba. Tara suka rayu, daga baya aka mai da su Kalifoniya, kuma daga waɗannan taran ne mafi yawan Majhul da ake nomawa yau a wajen Maroko ya samo asali. Haka kuma jan ƙwaron nan mai cin cikin kututture, ɗan asalin kudancin Asiya, ya shiga ƙasashen Tekun Fasha a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, kuma jigilar 'ya'yan gindi da manyan bishiyoyi ce ta fi yaɗa shi. Tsutsarsa tana ɓoye a ciki, ba a ganin alama sai bishiya ta kusa faɗuwa. Saboda haka duk wanda ya ce zai shigo maka da ɗan gindi daga Arewacin Afirka ko ƙasar Larabawa ta bayan fage, ka ce masa a'a, ko kyauta ne. Ba lambunka kaɗai ka sa a haɗari ba.

Waɗannan matsaloli biyu, ƙaranci da cuta, su suka tura masana ga kwalba. Ana zaɓar ɗan gindi na uwa sananniya, a yi ta ɓare ganyensa ɗaya bayan ɗaya har a isa ga zuciyar, fara sol, mai taushi, ba ta fi babban yatsa ba. Da iska ta taɓa ta sai ta fara yin ja, don haka ana tsoma ta cikin ruwan sinadarin da ke hana hakan, a wanke ta da bilic mai rauni, a kai ta kan wani tebur da ke hura tatacciyar iska. Ma'aikaci da safar hannu da takunkumi ya yayyanka ta ƙanana da wuƙar tiyata, yana ƙona bakin wuƙar bayan kowane yanka, ya ɗora kowane yanki kan wani abinci mai kama da daskararren kamu a cikin kwalba: sukari, gishirin da tsiro ke buƙata, sinadaran da ke sa tsiro ya rarrabu, sau da yawa har da garin gawayi. Tsarin abincin da aka fi dogara da shi Murashige da Skoog ne suka fitar da shi a 1962. Kwalaben sukan yi watanni a cikin duhu, daga baya a fito da su ƙarƙashin fitila, a ɗakin da zafinsa ba ya nisa da digiri 27, kuma duk bayan mako huɗu zuwa shida a sauya musu sabon abinci a raba abin da ya yaɗu. Ƙura ɗaya ta faɗa ciki, kwalbar ta tashi aiki. Wutar lantarki ta ɗauke na wasu kwanaki, aikin shekara ya lalace, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya sa irin wannan ɗaki yake da wuyar riƙewa a wajenmu. Ayaba tana saurin amsawa a kwalba, dabino kuwa mai taurin kai ne. Daga zuciyar farko zuwa dashen da za a iya sayarwa akan yi shekara biyu zuwa uku, wani lokaci fiye.

Abin da ake samu a ƙarshe ya cancanci wahalar: daga zuciya ɗaya, dubban tsirrai, duka mata idan uwar mace ce, duka iri ɗaya, ba ƙasa a jikinsu balle bayud, ba kututture balle tsutsa. Suna tashi tare, su yi fure tare, a yi barbara lokaci ɗaya, a sauke lokaci ɗaya. Ana iya ɗora dubu a jirgin sama cikin 'yan kwalaye. Da haka Maroko ta sa wa kanta burin dasa dabino miliyan 3 a ƙarƙashin shirinta na noma da ta fara a 2008, har da irin Najda mai jure bayud wanda cibiyar binciken nomanta ta zaɓo. Jami'ar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa ɗakinta a Al Ain tun 1989. Da dashen kwalba aka kafa lambunan Barhi da Majhul a hamadar Rajastan ta Indiya da kudancin Namibiya, wuraren da a da ba su da waɗannan irin. Har a Ingila, inda dabino ba ya nuna, akwai kamfanin da sana'arsa ke nan, ya raina a kwalba ya aika ƙasashen zafi.

Amma kwalba ma tana da nata aibin, kuma masu talla ba su cika faɗinsa ba. Hanya biyu ake bi. Ɗaya, a sa yankin zuciyar ya fitar da toho kai tsaye. Tana da jinkiri, ba ta ba da yawa sosai, sai dai abin da ya fito ya fi riƙe kamannin uwa. Ɗayar, a sa sinadari mai ƙarfi, sau da yawa 2,4-D, ya mai da yankin wani dunƙulen tsoka marar siffa, daga cikinsa a tayar da tsirrai birjik. Ta fi sauri, ta fi arha, amma idan aka cika sinadarin ko aka daɗe ana juya dunƙulen, wasu tsirran sukan fito da tawaya. An ga haka ƙarara a kwakwar manja a Malesiya cikin shekarun 1980: bishiyoyi suka girma lafiya lau, da suka zo haihuwa sai 'ya'yan suka fito a gurɓace ba mai, kuma sai a 2015 masu binciken hukumar manja ta ƙasar suka gano ainihin abin da ke sauyawa a ƙwayar halittar. A dabino ma an gani: Barhi na kwalba da aka yi wa barbara amma furen ya ƙi kamawa, ya fitar da 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, da Majhul da ya tsugune ya ƙi tsawo. Wasu Barhin sukan warware bayan 'yan shekaru, wadan kuwa yakan zauna a haka. Ɗakunan da suka daɗe a sana'ar sun rage wannan sosai, shi ya sa sunan ɗakin da ya raina dashen ya fi sunan irin da aka rubuta a jikin leda muhimmanci.

Nan ne wurin da na fi jin tsoro ga manominmu. Ƙaramin dashen kwalba, mai ganye uku ko huɗu dogaye da ba su tsage ba, kamarsa ɗaya da tsiron ƙwallo. Ba tabon sara da za ka duba. Kowa zai iya shuka ƙwallon Majhul a baƙar leda, ya liƙa takarda, ya kira shi na kwalba, ya karɓi kuɗin na kwalba, kai kuma ba za ka gane ba sai bayan shekara biyar, lokacin da lambar wayarsa ta daina shiga. Saye a bakin titi ko daga hoton Facebook cinikin biri a sama ne. Ka nemi sunan ɗakin da ƙasar da yake, da takardar shaidar irin, da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito, da izinin shigowa na hukumar killace kayan gona, wato NAQS idan a Najeriya kake. Ka tambaya ta wace hanya cikin biyun aka raina shi. Ka ce a kai ka lambun da aka dasa kayansu har ya haihu, ka yi magana da mai lambun ba a gaban dillali ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Gwajin ƙwayar halitta da ke bambance namiji da mace tun suna ƙanana ma akwai shi, tun bayan aikin da masu bincike a Katar suka wallafa a 2011, kuma mai sayen dubbai ya kamata ya sa a gwada masa wasu.

Sannan dashen kwalba ɗan gata ne. Ya tashi a inuwa da laima, ba ƙwari ba iska. Idan ya iso ƙarami, sai ya yi wata 8 zuwa 12 a babbar leda ƙarƙashin rumfar raga, har ya fara fitar da ganye mai tsagu, kafin ya fuskanci ranar Afrilu. A gona kuma yana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da kariya daga gara da awaki. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ko fadamar da ruwanta ke kusa, kada ya fara. Babbar bishiya mai haihuwa tana iya shan lita 200 ko fiye a rana ɗaya ta bazara. Idan an kula da shi yakan fara nuna nono a shekara ta uku ko ta huɗu bayan dasawa, ya cika ƙarfinsa wajen shekara ta takwas zuwa goma, inda Majhul mai samun ruwa da taki ke iya ba da kilo 80 zuwa 120.

Abin da kwalba ba ta iya gyarawa shi ne damina. Shahararrun irin nan an zaɓe su ne a ƙasashen da sama ba ta zubar da ko ɗigo lokacin nunar dabino. Mu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne da laima. Dabinon da ya fara laushi ruwa ya same shi, fatarsa tsagewa take yi, ya yi tsami, ya zube. Daglat Nur ta yi ƙaurin suna wajen rashin jure wannan, ga ta da jinkirin nuna. Abin da ya yi kyau a Biskira ta Aljeriya ba lallai ya yi a Haɗeja ba. Barhi tana da wata dama, tunda ana cin ta tana rawaya da garas-garas kafin ta yi laushi, ana iya sauke ta da wuri, amma a wannan matakin ba ta ajiyuwa, sai da kasuwa a kusa ko ɗakin sanyi. Bilma da Timiya da Ingal a arewacin Nijar, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, lissafinsu daban ne da na Dutse ko Gidimuni. Takardar shaida tana tabbatar maka Majhul ka saya. Ba ta ce Majhul zai nuna kafin ruwan farko a garinku ba.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Mai ƙaramin lambu, bishiya 10 zuwa 50, wanda ke da uwa tagari a kusa da ya ga haihuwarta shekara biyu ko uku a jere, ya ɗauki ɗan gindi, kada ya waiwayi kwalba. Wannan uwar ta riga ta ci jarrabawar da baƙon iri bai zauna ba tukuna. Mai hekta da yawa da jari da tabbataccen ruwa, wanda ke nufin kasuwar birni ko fitarwa waje, ba shi da wata hanya sai kwalba, amma kada ya cika gonar da iri ɗaya a tashin farko. Ya fara da iri uku ko huɗu, kowanne 'yan gomomi, ya ga wanda ya tsere wa damina, sannan ya faɗaɗa. Jiran ba asara ba ne, domin dashen kwalba shi ma yana fitar da 'ya'yan gindi da yawa a ƙuruciyarsa, kuma daga wanda ya ci jarrabawa za ka cike sauran gonar da kuɗi kaɗan, ka sayar wa maƙwabta ragowar. Kafin ka biya ko sisi, ka leƙa reshen dabino da ke Dutse na NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, ka ji abin da suka gani a kan irin da kake so. Ƙwallo kuwa a bar shi ga shinge da inuwa, da kuma mai haƙurin da ke neman sabon iri, wanda zai shuka da yawa a matse ya sare marasa kyau ba tare da ya ji zafi ba.

Ina da wani buri da ya wuce zaɓin mutum ɗaya. Tsofaffin uwayen nan nagari na Manga da Jigawa, da yawansu sun wuce shekarun fitar da ɗan gindi, idan suka faɗi sun tafi ke nan. Yanzu ana iya raina dabino a kwalba daga ɗanyen furen da bai buɗe ba, ba sai an sami ɗan gindi an kashe shi ba. Waɗannan bishiyoyin, da suka san daminarmu, su suka fi cancantar shiga kwalba kafin a ci gaba da shigo da baƙi.

Kada kuma a manta da namiji, ko wace hanya aka bi. Garin furensa yana shafar girman 'ya'yan da lokacin nunarsu, abin da masana suka tabbatar tun shekarun 1920. Namijin da ke sa dabino ya nuna da wuri da mako ɗaya ko biyu yana iya zama abin da zai raba amfaninka da ruwan Yuni. Idan ka sami irinsa, wanda ke fure da wuri kuma garinsa ke da yawa, shi ma ɗan gindinsa za ka cire, ka dasa shi shekara ɗaya da matan ko kafin su, ka shanya rarar garin a inuwa ka rufe a kwalba busasshiya cikin firiji saboda matan da za su buɗe kafin na baɗi ya iso.